Tambayoyi da amsoshi kan gwajin kai-sikwaya na dacewa, don ɗaliban statistik da masu furojet

Duk sanda aka iso kai-sikwaya a kwas ɗin statistik na aji ɗaya, ko kuma lokacin furojet ya matso 'yan ajin ƙarshe suka fara zarya ofishin sufabaiza, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa. To ga su nan na tara wuri guda, na amsa yadda zan amsa wa ƙanina in ya zauna gefena. Ka ɗauko biro da takarda da kalkuleta ka bi lissafin da hannunka dan Allah, karatu da ido kawai ba ya zama a kai.

Malam, wai shi wannan gwajin me yake yi ne takamaimai?

Ƙirga biyu yake haɗawa ya duba. Akwai abin da ka ƙirga da idonka, shi ake rubutawa O, akwai kuma abin da ya kamata ka samu da a ce wani hasashe da ka zo da shi gaskiya ne, shi ake rubutawa E. Ba za su taɓa zuwa daidai cif ba, ko da hasashen naka gaskiya ne, saboda sa'a da dace suna cikin kowane samfur. Tambayar da gwajin yake amsawa ita ce: tazarar da ke tsakanin O da E, irin wadda dace kaɗai zai iya kawowa ce, ko ta yi girman da sai dai a ce hasashen ne bai tsaya ba? Shi ke nan aikinsa. Karl Pearson ne ya fito da shi a Landan a shekarar 1900, kuma har yau ba a canza ƙa'idar lissafin ba:

χ² = Σ (O − E)² / E

Wato kowane rukuni ka cire E daga O, ka ninka amsar da kanta, ka raba da E, sannan ka tara duka, jimlar ita ce χ², wato kai-sikwaya.

A ba mu misali da lambobi mana, ƙa'idar kaɗai ba ta shiga.

To mu ɗauki dayis ɗin ludo. A ce ana wasa wani yana ta cin siki yana fito da 'ya'yansa daga gida, sauran suna zaune suna kallo, har aka fara cewa dayis ɗin nan da magana. Lambobin nan ni na tsara su don koyo. An jefa sau 60, aka samu: ɗaya sau 8, biyu sau 12, uku sau 9, huɗu sau 11, biyar sau 6, siki sau 14.

Hasashen farko, wanda ake rubutawa H0, shi ne dayis ɗin lafiyarsa ƙalau, kowace fuska damarta ɗaya bisa shida. Kenan E na kowace fuska 60 raba 6, wato 10. Yanzu bambancin: −2, 2, −1, 1, −4, 4. Ka ninka kowanne da kansa: 4, 4, 1, 1, 16, 16. Jimla 42, ka raba da 10 tunda duk E ɗin ɗaya ne, ka samu 4.2.

Rukuni shida ne, don haka df ɗinka 5, wato digirin 'yanci, bayaninsa yana zuwa a ƙasa. Ka buɗe teburin bayan littafi, layin 5, ƙarƙashin 0.05, wato matakin kashi 5 cikin ɗari da aka saba yanke hukunci da shi, za ka ga 11.070. Namu 4.2 bai ko kama ƙafarsa ba, don haka ba mu da hujjar cewa dayis ɗin yana da matsala. Siki 14 a jifa 60 abu ne da lafiyayyen dayis yake yi ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Me ya sa ake ninka bambancin da kansa, kuma me ya sa ake rabawa da E?

In ka tara bambancin yadda yake, sifili za ka samu kullum, duba na sama: −2 da 2 sun cinye juna, −4 da 4 ma haka. Ninkawar ce take kashe alamar ragi, kuma tana sa babban bambanci ya fi nauyi sosai. Rabawa da E kuwa don a auna bambancin da girman abin da ake tsammani ne, domin kuskuren 4 a inda ake jiran 10 babban abu ne, amma 4 a inda ake jiran 1000 ba a ma ganinsa.

Wannan df ɗin fa, daga ina yake fitowa?

Digirin 'yanci kenan, yawan rukunan da suke da damar zama duk abin da suka ga dama kafin jimla ta ɗaure sauran. A jifa 60 ɗin nan, in na faɗa maka biyar na farko, na shidan ba sai na faɗa ba, za ka cire daga 60 ka samu 14. Shi ya sa ake cewa yawan rukuni a cire ɗaya.

Amma akwai ƙari da yawancin handawut ba sa kawowa. In ka yi amfani da bayanan naka wajen ƙiyasta wani abu kafin ka iya lissafa E, to kowane abu ɗaya da ka ƙiyasta sai ka sake cire ɗaya. Misali 'yan bayoloji da suke gwada jinotayif AA, AS da SS a kan ƙa'idar Hardy da Weinberg ta 1908, wadda take faɗin rabon jinotayif da ake tsammani a cikin al'umma: rukuni uku ne, amma sai ka fara lissafa yawan ƙwayar S daga cikin samfurin kansa kafin E ya fito, don haka df ɗin 1 ne ba 2 ba, kuma lambar tebur 3.841 ce ba 5.991 ba. Wannan wajen har manya ya rikita, Pearson da kansa bai yarda da ragin ba, sai da Ronald Fisher ya nuna shi a rubuce-rubucensa na 1922 da 1924, kuma Fisher ne ya yi daidai.

Abu ɗaya da zai taimake ka ko babu tebur a kusa: in H0 gaskiya ne, matsakaicin χ² daidai yake da df. Kenan in df 5 ne ka samu 4.2, kana tsakiyar gida. In ka samu 40 kuwa ba sai an buɗe tebur ba.

Dole ne E ya zama daidai a kowane rukuni?

A'a wallahi, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke faɗawa rami, sun ga misalin dayis sai suka ɗauka kullum jimla ake rabawa da yawan rukuni. E daga hasashenka yake fitowa. Shahararren misali shi ne na Gregor Mendel, malamin cocin nan na garin Brno da ya yi ta auren irin waken fis a lambu ya buga sakamakonsa a 1866. A wani gwajinsa ya ƙirga ƙwaya 556: masu santsi rawaya 315, masu santsi kore 108, masu tamoji rawaya 101, masu tamoji kore 32. Ƙa'idarsa ta ce rabon zai zama 9:3:3:1, jimlar kason 16. To E na farko 556 sau 9 raba 16, wato 312.75, na biyu da na uku 104.25 kowanne, na ƙarshe 34.75. Kar ka ce ai babu rabin wake ka mayar da su cikakkun lambobi, E yana iya zuwa da ɗigo, O ne kaɗai ba ya yi. Ka lissafa za ka samu 0.016 da 0.135 da 0.101 da 0.218, jimla 0.47. Tebur a df 3 ya ce 7.815. Dacewa ta yi kyau ƙwarai, ta ma yi kyaun da a 1936 Fisher ya haɗa gwaje-gwajen Mendel gaba ɗaya ya ce sun fi ƙarfin abin da dace zai bayar, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan.

Na kusa da mu kuma shi ne sikila. In uba AS ne uwa ma AS, kowane ciki damar AA kashi ɗaya cikin huɗu ce, AS kashi biyu, SS kashi ɗaya, wato 1:2:1. A ce ka tara yara 120 daga irin wannan auren, E zai zama 30, 60, 30. In ka ƙirga ka samu 36, 62, 22, lambobin koyo ne su ma, χ² zai fito 3.4, df 2 ne a nan saboda rabon daga ƙa'idar gado ya zo ba daga samfurinka ba, kuma 3.4 bai kai 5.991 ba. Sai dai ka kula da inda ka samo iyalan, in a layin asibitin masu sikila ka same su to kowane gida dama sai da ya samu ɗa SS ya zo wajen, SS zai yi yawa a ƙirgarka ba don ƙa'idar gado ta karye ba.

Zan iya sa kaso cikin ɗari maimakon ƙirga? Ai duk ɗaya ne ko?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan kuskuren yana juya amsa gaba ɗaya. Koma kan dayis. A ce sau 600 aka jefa aka samu 80, 120, 90, 110, 60, 140, rabon daidai yake da na farko, sifili kawai aka ƙara. E ya zama 100, lissafa ka gani, χ² ya koma 42, ya wuce 11.070 nesa ba kusa ba, yanzu kam dayis ɗin yana da magana. In kuma ka mayar da su kaso cikin ɗari ka lissafa, 7 za ka samu, ko jifa 60 ne ko 600, domin ka yi wa gwajin ƙarya cewa samfurinka 100 ne. A na 600 za ka wanke dayis ɗin da ya kamata a kama. Gwajin da yawan abin da ka ƙirga yake samun ƙarfinsa, in ka ɓoye masa yawan ka kashe shi. Haka matsakaici, maki, kuɗi, nauyi a kilo, duk ba sa shiga. Kawuna yake ƙirgawa.

To in χ² bai kai na tebur ba, na tabbatar da H0 kenan?

A'a. Na san akwai handawut da suke rubuta "mun karɓi H0", wasu malaman ma haka suke so a rubuta a jarrabawa, ka bi malaminka ka ci makinka, amma ka san gaskiyar a ranka. Kamar alƙali ne da ya sallami wanda ake tuhuma saboda shaidu ba su isa ba, bai ce ya ga da idonsa mutumin bai yi ba. Misalin sama ya nuna maka: dayis ɗin da ya tsira a jifa 60, da irin rabon nan aka kama shi a jifa 600. Abin da za ka rubuta shi ne ba a samu isasshiyar hujjar watsi da H0 ba.

Ita kuma p ɗin da kwamfuta take bayarwa, ma'anarta: da a ce H0 gaskiya ne, mece ce damar samun χ² mai girman naka ko fiye. Na jifa 60 p kusan 0.52 ce. Ba wai damar H0 ya zama gaskiya kashi 52 ba ce, wannan fassarar kuskure ce ko da ka ji ta a bakin babba.

An ce sai E ya kai 5 a kowane rukuni, in bai kai ba fa?

Teburin da kake dubawa kusantowa ce kawai, tana aiki ne in samfur yana da ɗan yawa. Ƙa'idar aji ita ce kowane E ya kai 5. Akwai mai sassauci ta William Cochran daga 1954: kar wani E ya gaza 1, kuma waɗanda suka gaza 5 kar su wuce kashi 20 cikin ɗari na rukunan. Ka lura E ake nufi, O yana iya zama 2 ko ma sifili babu laifi. In ka faɗa ƙasa, ko ka ƙaro bayanai, ko ka haɗe rukunan da suke maƙwabtaka kuma haɗin yana da ma'ana, kamar "yara 7" da "yara 8" da "yara 9" su koma "7 ko fiye", sannan ka sake ƙirga df da sabon yawan rukunin. In rukuni biyu ne kacal kuma samfur ƙarami, gwajin bayinomiyal kai tsaye ya fi. Mafi alheri dai ka lissafa E tun kafin ka fita tara bayanai ka ga ko yawan da ka yi niyya zai isa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam a furojet ɗina na raba kwescaniya mai zaɓi huɗu, na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Sufabaiza ya ce in yi kai-sikwaya in gwada hasashena. Daidai ne?

Nan zan ɗan daɗe, domin wannan ne ya fi damuna, kuma ya cika babi na huɗu na furojet a makarantunmu. Ga yadda ake yi. Ɗalibi ya rubuta H0 cewa, misali, tallan rediyo ba ya da tasiri a kan ciniki. Ya tambayi mutum 100 ko sun yarda yana da tasiri, ya samu 48, 32, 12, 8. Ya raba 100 gida huɗu ya sa E 25 a ko'ina, ya samu χ² 41.44, ya ga ya wuce 7.815, sai ya rubuta da ƙarfinsa cewa an tabbatar tallan rediyo yana da tasiri a kan ciniki.

Lissafin babu kuskure ko ɗaya. Amma me aka gwada? An gwada ko mutane sun rarrabu daidai wa daida a kan zaɓi huɗu, an gano ba su rarrabu daidai ba. Iyakar abin da lambar ta faɗa kenan. Ba a auna ciniki ba, ba a auna talla ba, ra'ayin mutane aka ƙirga. Kuma ka juya lambobin, a ce 48 ne suka ce ba su yarda ba sam, 8 suka yarda sosai, χ² ɗin dai 41.44 zai fito ba ƙari ba ragi, gwajin bai san gabas ba bai san yamma ba, ya san dai ba a yi daidai ba. Na sha ganin an yi watsi da H0 alhali yawancin masu amsa goyon bayan H0 ɗin suka yi, kuma takardar ta wuce difens ba wanda ya ɗaga ido.

Akwai wanda ya fi wannan muni, a ɗauki tambaya biyar daga mutum 100 ɗin nan a tara amsoshin a ce jimla 500. Gwajin yana buƙatar kowane mutum ya shiga rukuni ɗaya sau ɗaya, kuma amsar wani ba ta rataye a kan ta wani ba. Mutum ɗaya da ya amsa sau biyar ba mutum biyar ba ne, ka kumbura samfurin, χ² ya kumbura, p ta ƙanƙance ba bisa haƙƙi ba.

To me za ka yi? In ra'ayi kake so ka sani, ka gyara hasashen ya yi magana a kan ra'ayi, ka ba da kason waɗanda suka yarda a fili. In alaƙa kake nema tsakanin abu biyu, kamar jin tallan da sayen kayan, to ka tambayi kowane mutum duka biyun ka yi gwajin alaƙa. Ka je wa sufabaiza da ladabi ka nuna masa misalin juya lambobin nan, "ranka ya daɗe ga abin da ya ɗaure min kai", da yawansu in sun gani a takarda suna yarda.

Mene ne bambancinsa da wancan gwajin alaƙar?

Ƙa'idar lissafi ɗaya ce. Na dacewa abu ɗaya yake dubawa, layi ɗaya na ƙirga, E daga hasashen da ka zo da shi. Na alaƙa abu biyu yake haɗawa a tebur mai layuka da ginshiƙai, E daga jimlolin gefen tebur, df kuma layuka cire ɗaya sau ginshiƙai cire ɗaya.

Na yi watsi da H0, to wane rukuni ne ya jawo?

χ² ba zai faɗa maka ba, sai ka koma cikin tebur. Ga kowane rukuni ka lissafa O − E ka raba da tushen E, wato sikwaya rut ɗinsa. A jifa 600: siki 40 raba 10 ya ba da 4, biyar ya ba da −4, uku −1, huɗu 1. Wanda ya haura 2 ko ya gangara ƙasa da −2 shi za ka sa wa ido. Irin wannan duban yana da tarihi: masanin halittu Weldon ya jefa dayis 12 har sau 26,306, Pearson ya ɗauki lambobin a takardarsa ta 1900 ya nuna biyar da shida suna fitowa fiye da ƙima, bambanci ɗan ƙarami wanda da jifa ɗari aka yi ba wanda zai gan shi.

Wannan kuma shi ne ɗaya gefen matsalar, samfur in ya yi yawa sosai ko ɗan bambancin da ba ya da amfani a aikace sai ya fito da p ƙarama. Don haka ka haɗa da ma'aunin girman bambanci, w na Cohen, wato ka raba χ² da N, yawan samfurinka, sannan ka ɗauki tushen amsar. Jifa 60 da jifa 600 duka 0.26 suke bayarwa, ka ga shi yawan samfur ba ya ruɗa shi. Cohen ya ɗauki 0.1 ƙarami, 0.3 matsakaici, 0.5 babba.

Zan iya gwada ko makin ɗalibai ya bi rabon nomal da shi?

Za ka iya, in ka yanka makin zango-zango ka ƙirga mutum nawa ne a kowane zango, sannan ka cire ƙarin 2 daga df in daga bayanan ka ƙiyasta matsakaici da ma'aunin yaɗuwa. Amma amsar tana canzawa da inda ka yanka, shi ya sa in ba jarrabawa ce ta tilasta ba, gwajin Shapiro-Wilk ya fi dacewa da wannan aikin.

Yaya ake yi a kwamfuta?

A Excel ka jera O a ginshiƙi ɗaya, E a na kusa, ka kira CHISQ.TEST, amma ka sani p yake ba ka ba χ² ba, mutane suna kwafe 0.52 su rubuta ita ce χ². Lambar tebur kuma CHISQ.INV.RT(0.05,5) za ta ba ka 11.07. In ka rage df saboda ƙiyasi, CHISQ.TEST bai san da wannan ba, sai ka lissafa χ² da kanka ka sa a CHISQ.DIST.RT da df ɗin gaskiya. A R layi ɗaya ne, chisq.test(c(315,108,101,32), p=c(9,3,3,1)/16), in ka manta p ɗin nan, wanda a nan rabon hasashenka yake nufi, zai ɗauka duk rukunan daidai suke. A SPSS in jimlar ƙirga ka shigar ba mutum-mutum ba, sai ka fara kunna Weight Cases, in ba haka ba zai ɗauka kowane layi mutum ɗaya ne ya ba ka χ² sifili kana ta mamaki.

Yaya zan rubuta sakamakon a babi na huɗu?

Ka sa tebur mai O da E na kowane rukuni, ka faɗi inda E ya samo asali, sannan layi ɗaya kamar haka: χ²(5, N = 60) = 4.20, p = 0.52. Bayansa jimla ɗaya ko biyu da harshen mutane, cewa yadda fuskokin dayis suka fito a jifa 60 bai saɓa wa rabon daidai ba a matakin 0.05. In ka haɗe rukunai saboda ƙarancin E ka faɗa, ka nuna waɗanda ka haɗe, domin duk wanda ya ga rukuni shida a kwescaniya ya ga df 3 a tebur zai tambaye ka a difens.